Ranar da Muka Ari Tebura

'Yata ta biyu da ƙafar hagu a shanye aka haife ta. Ban faɗi haka don a tausaya mana ba, mun gode Allah, yarinyar ta fi masu ƙafa biyu da yawa kuzari. Da sandar ƙarfe da babanta ya haɗa mata a Magazin, unguwar makanikai da masu walda, take zuwa ko'ina. Ta hau torotoro, motar hayarmu ta cikin gari, ta tsallake kwata, ta je kasuwa ta sayo mini zare ta dawo kafin in gama yanka riga ɗaya. Abu guda ne ya gagare ta, shi ne zama a ƙasa. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa. In ta zauna a ƙasa sai ta miƙe ƙafar ta tare wa mutane hanya, in kuma za ta tashi sai wani ya kama ta ta hammata ya ɗaga. A gida ba mu damu ba, don ba a rasa kujera. A sukul ne abin ya zame mana ciwo.

Mu a Zangon Kumasi in ka ce makaranta, ta malam ake nufi. Ta gwamnati sukul muke ce mata. Tamu tana can gangaren unguwa, kusa da babbar kwata. Shekarar da yarinyar ta shiga aji huɗu, majalisar ƙaramar hukumarmu, wadda kowa ke kira asambili, ta ba wani ɗan kwangila aikin tebura, irin masu haɗe da bencin nan da yara biyu ke zama a kai. Aka kawo su a babbar mota, sun sha fenti sai ƙyalli suke, kowanne da shuɗin tambarin asambili a gefe. Har guɗa muka yi ranar. Ashe ɗanyen katako ne, ko bushewa bai yi ba aka buga shi. Da rani ya yi sai katakon ya fara motsewa, ƙusoshi suka yi ta zarewa, wannan ƙafarsa ta fita, wancan bencinsa ya rabe biyu da yaro a kai. Kafin shekara ta zagayo an tara su a wani ɗaki da ke bayan ajujuwa, tsibi guda har kusa da rufi, yara suka koma ƙasa. Ƙasar ma simintinta duk ya farfashe, rub da ciki suke kwanciya su yi rubutu.

Babanta mai walda ne, bai tsaya jiran kowa ba. Ya haɗa mata kujerar ƙarfe mai ɗan wurin ɗora littafi, ya kai mata aji da kansa. To ajin ba ƙofa, tagar ma ba murfi. Aka tashi ranar Juma'a, aka dawo Litinin babu kujera. 'Yan kwandam, masu bin unguwa suna kwasar tsohon ƙarfe, sun yi gaba da ita. Ya ce zai sa kafinta ya yi ta katako. Yarinyar ta ce kada ya wahalar da kansa.

"Mma, ke ba ki gani ba ne," ta ce da ni. "Kowa na ƙasa, ni kaɗai a sama. Malam na juya baya sai su ce ga sarauniya. In kuma na zauna a ƙasa sai an kira yara su ɗaga ni, ana dariya. Ko fitsari ya matse ni riƙewa nake har a tashi. Ranar da kowa ya samu tebur zan koma."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushin kwana da kwanaki ban kula ta ba, duk a banza. Yau ta je, gobe ta ce cikinta na ciwo, jibi kanta. Ga shi kuma duk ajin ba mai kama ta a lissafi, malaminsu da bakinsa ya gaya mini. Ina zaune a kan keken ɗinkina ina kallon yarinya mai irin wannan kai tana tsintar ƙyallaye a shago, raina kamar ya fita. Abin da ya kai ni kwamitin iyaye ke nan. Ba son taro nake ba. Tebura na je nema, don 'yata ta koma aji.

Shugaban kwamitin wani dattijo ne, Alhaji, dillalin shanu. Ba zan ɗora masa sharrin da ba nasa ba, mutumin kirki ne. Shi ya sa mana tankin ruwa a sukul ɗin, kuma marayu da yawa a aljihunsa suka yi karatu. Ta ɓangaren mata akwai Magajiya, shugabar matan unguwa, wadda ita ta yi wa uwata wankan jego lokacin da aka haife ni. Sai shugabar sukul ɗin, Madam, 'yar Asante ce, Kirista, ta daɗe a cikinmu har Hausar Zango ta zauna a bakinta.

Wata rana Madam ta tara mu a gindin dalbejiyar sukul bayan la'asar. Ta ce asambili za ta turo mutanenta su ga abin da kuɗinta ya saya da idonsu, kafin a biya ɗan kwangilar ragowar haƙƙinsa. Kuma da abin da suka gani za a san wace sukul ce za a fara ba sababbin tebura.

Wallahi ban san lokacin da na ce "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi ba. Na ce shi ke nan, a buɗe musu ɗakin nan na baya su sha kallo, a kai su aji su ga 'ya'yanmu a ƙasa.

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya ce, "Jama'a, kun san abin da ake faɗa a kanmu a garin nan. Ana cewa 'yan Zango ƙazamai ne, 'ya'yanmu ba su da tarbiyya, duk abin da aka ba mu sai mun lalata. Yanzu baƙi su taso daga ofis, su tarar da teburan gwamnati a kakkarye, yara a ƙasa kamar awaki? Wa zai ce laifin kafinta ne? Cewa za a yi ai dama an sani. Ni dai ina raye ba za a yi mana wannan tonon asiri ba."

Wurin ya ɗauki "haka ne, haka ne." Ni ma kuma, in faɗi gaskiya, maganar ta taɓa ni, don na sha jin irinta a mota, a asibiti, a bakin mutanen da suka ɗauka ba na jin Tonanci, yarensu na Asante. Sannan a haka muka tashi. A gidajenmu in za a yi baƙo, sai a shiga maƙwabta a aro kujeru, a aro kwanuka, har labule. Ranar da dangin mijina suka zo neman aurena, duk abin da suka zauna a kai na mutanen layinmu ne. Ba wanda ke kiran wannan ƙarya. Rufin asiri ne, kuma wanda ya ara maka yau kai za ka ara masa gobe. Sai dai ni na san waɗannan baƙin ba irin waɗancan ba ne.

Na miƙe na ce, "Baba Alhaji, a yi mini afuwa. Waɗannan ba surukai ba ne, ba kuma biki suka zo ba. Aikinsu ke nan su ga ɓarna. In suka ga komai lafiya, me zai sa su kawo mana wani abu?"

"Ke 'yar nan, zauna," in ji Magajiya. "Bakinki ya yi yawa. Manya na magana kina tsalle. Mu da muka wanke ki ba mu san abin da ya dace ba sai ke?"

"Magajiya, 'yata ce a gida ba ta zuwa sukul!"

"'Yarki jikata ce. Zauna na ce."

Madam ta sa baki a hankali, ta ce, "Alhaji, don Allah ku bar komai yadda yake." Alhaji ya ɗaga mata hannu cikin girmamawa, ya ce, "Madam, shekaru kina wahala da 'ya'yanmu. Ba za mu bari a zo a ci mutuncinki a gabanmu ba. Ki bar mana wannan." Madam ta haƙura. Daga baya ta gaya mini ta ɗauka shara za a yi da ɗan fenti. Kuma duk daɗewarta a cikinmu, ba za ta iya yi wa dattijo musu a gaban jama'arsa ba.

Ana gobe za su zo, unguwa ta tashi kamar jajibirin Sallah. Wani aminin Alhaji yana da sukul ta kuɗi a Tafo, yaransa suna hutu, sai ya ba da aron teburansa. Aboboya, baburan nan masu ƙafa uku na ɗaukar kaya, suka yi ta jigila tun safe. Samari na shafa fenti, mata na shara da wanke daɓe, wani ya kawo siminti ya cike ramuka. Har mijina ya ɗauki injin waldarsa ya je ya kafa wa ajujuwa ƙofofin aro daga Magazin. Na tare shi a bakin ƙofa na ce, "Har da kai?" Ya ce, "In ban je ba, gobe in abu ya same ni wa zai zo mini?" Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kowa murna yake. Ana raha, ana tsokanar juna, ana rabon ruwan sanyi. Ban taɓa ganin mutane sun haɗa kai sun yi wa kansu illa da irin wannan farin ciki ba.

Labari ya iso wa yarinyar kafin in dawo gida. Na tarar ta fito da rigar sukul tana guga.

Na ce, "Ke, tsaya ki ji. Teburan nan na aro ne. Jibi za a kwashe su."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani, Mma. Ko na yini ɗaya ne zan zauna."

Na shiga ɗaki na rufe, don kada ta ga fuskata. A nan na yanke shawara. An ce baƙin bayan azahar za su iso, a ci abinci tare da kwamiti. To ni da bakina zan gaya musu, in ja su har ɗakin baya, in ya so Magajiya ta daina gaisawa da ni har abada.

Da safe aka aiko wai Magajiya ta ce ni zan riƙe tukunyar dafa-duka a gidanta, don hannuna ya fi daɗi. Ko don hannun ne, ko don a nesanta ni da sukul, Allah ne masani. Na je, don na ga akwai lokaci. Aka kafa manyan tukwane a tsakar gida, Alhaji ya aiko da nama mai yawa, samari suka sauke itace faskararre a bakin murhu. Ina ta turawa ina mita, don itacen ba ya riƙe wuta, da ka sa shi sai ya cinye fuu kamar kara. Na sunkuya zan ƙara wani sai na ga fenti a jikinsa. Na juya shi. Ga shuɗin tambarin asambili, rabi ya riga ya ƙone.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Na saki ludayi. "Magajiya! Wannan itacen daga ina?"

Ta leƙo daga rumfa tana gyara ɗankwali. "Na ɗakin baya ne. An ce a share shi tas, kada su leƙa su gani. To me za a yi da tarkace? Gara ya yi amfani."

"Duka?"

"An raba wa masu tuya saura. Ke kula da tukunyarki kada ta kama."

Wato abin da za mu nuna a ce ga mugun aikin da aka yi mana, shi muke turawa a wuta don mu dafa wa masu dubawar abinci. Na zaro guntun nan mai tambari, na tsoma shi a ruwan wanke-wanke ya mutu, na naɗe shi a mayafina, na fita da gudu. Magajiya na kira, ban waiwaya ba.

Ina shan kwanar sukul na hango farar mota a bakin ƙofa, injin na aiki. Ashe da hantsi suka zo, ba bayan azahar ba. Sun zaga, sun leƙa, sun gama. Alhaji da dattawa sun sha manyan riguna suna rakiya. Na kutsa ta cikinsu na buga gilashin motar. Wata mata mai tabarau, ita ce babbarsu, ta sauke gilashin kaɗan.

Na ce da Tonanci, "Uwar ɗakina, ina da magana. Teburan nan..."

Alhaji ya yi dariya ya rufe muryata da tasa, ya ce, "'Yarmu ce, 'yar kwamiti. Godiya ta zo yi."

Matar ta dubi agogo ta ce, "Mame, sukul da yawa na jiranmu. In akwai magana ki same ni a ofis." Gilashi ya hau, mota ta tashi. Ko abincin ba su ci ba. Mutanen unguwa ne suka cinye shi da rana, ana ta yaba hannuna.

Na juya zan zazzage wa Alhaji abin da ke cikina, sai idona ya faɗa tagar aji huɗu. Ga 'yata a layin gaba. Ta jingine sandarta a bango, ta zauna daram, bayanta a miƙe, ƙafar nan ta shige ƙarƙashin tebur ba ta tare wa kowa hanya ba. Wata yarinya na gefenta, suna leƙen littafi ɗaya. Malam ya yi tambaya, hannunta ya riga na kowa tashi. Rabon da in ga wannan fuskar tata har na manta. Na fasa faɗan, na tsaya a jikin tagar da ƙonannen katako a hammata ina kallo har aka tashi tara.

Washegari ta sake sa rigar. Na ce, "Ina za ki?" Ta ce, "Wataƙila su bar su zuwa Juma'a." Na bi ta a baya ba ta sani ba. Muna isa muka tarar ana loda teburan a aboboya, ƙafafu a sama, ana ɗaurewa da igiya. Mijina na kwance ƙofofin da ya kafa. Yara sun shiga aji sun zazzauna a sabon siminti. Ta tsaya a bakin ƙofar sukul ta kalli abin har aboboyar farko ta tashi, sannan ta juya. Ba ta yi kuka ba, ni na yi. Da muka koma gida ta ninke rigar ta sa a can ƙasan akwati.

Na yi ta sintiri ofishin asambili. Yau a ce matar ta fita, gobe a ce tana taro. Na rufe shago na zauna a bencin baranda har masu gadi suka san ni. Ranar da na same ta, ta karɓe ni da mutunci, ta ba ni kujera. Na kwashe komai na gaya mata, tun daga ɗanyen katako har aboboya.

Ta cire tabarau ta dafe goshi. Ta ce, "Mame, kin san me ya kai mu sukul ɗinku? Madam ɗinku ce ta kawo ƙara cewa teburan ɗan kwangilar sun lalace. Karyayyen tebur na je nema. Ko guda ɗaya na gani, da ba a biya shi ba sai ya sake aikin. Na shiga kowane aji. Na ce a buɗe mini ɗakin baya, aka buɗe, wayam, har an yi shara an yayyafa ruwa."

Na ce, "Ba ki ga teburan ba su da tambarinku ba?"

Ta ce, "Na tambaya. Shugabanku ya ce iyaye ne suka sake musu fenti don su daɗe. Har yaba muku na yi a gaban manyana." Ta ɗauko wayarta ta shafa ta miƙo mini. "Ga abin da na kai musu."

'Yata ce. Layin gaba, hannu a sama, tana murmushi.

Sai na kwance mayafi na ɗora guntun katakon a kan teburinta, tambarin na kallon sama. Na ce, "To ga shaida."

Ta miƙe da sauri ta tura ƙofa ta rufe. Ta rage murya ta ce, "Naɗe abin nan. Naɗe shi, don Allah. Wannan ba ya nuna ɗan kwangila ya yi mugun aiki. Abin da yake nunawa shi ne kun ƙone kayan gwamnati, kuma Madam za a fara riƙewa. Ni ban gani ba."

Na ce, "Yanzu ya za a yi? Yarinyar nan da kika ɗauka a hoto tana gida. Ba za ta iya zama a ƙasa ba."

Ta ce an riga an biya ɗan kwangila. Sababbin teburan kuma an raba su ga sukul ɗin da aka tarar da yaransu a ƙasa. Hanya ɗaya ta rage, shugaban kwamiti ya zo da kansa ya faɗa a gaban manyanta cewa abin da aka nuna musu na aro ne, sai a sake turo mutane. Ta raka ni har baranda tana ba ni haƙuri. Na so in ji haushinta, na rasa ta inda zan kama.

Daga can gidan Alhaji na wuce. Na durƙusa a gabansa har gwiwa, ni da ba na durƙusa wa kowa da daɗin rai. Na gaya masa yadda muka yi. Ya ajiye carbinsa, na ga abin ya dake shi.

Ya ce, "'Yata, so kike in je gaban mutanen nan, da furfurata, in ce ni Alhaji na yi musu ƙarya? Ba ni kaɗai zan ji kunya ba, Zango duka ne. Gobe duk abin da ɗan Zango ya faɗa a ofishin nan ba za a yarda ba."

"Baba Alhaji, to jikarka fa?"

"Zan sa a yi mata tebur nata na kanta, mai kyau, na katakon da ya bushe. A kai shi ofishin Madam kullum in an tashi."

Na ce, "Ba za ta zauna ba. Ba tebur nata take so ba, so take ta zauna kamar kowa."

Ya ce, "Yarinya ce, za ta haƙura." Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma ya cika alkawari, aka kawo teburin har gida. Ta gode masa da ladabi, ta ɗora kwandon zare a kai.

An yi maganar karo-karo a masallaci, aka samu abin da aka samu, aka yi 'yan bencina aka ba manyan aji masu shirin jarrabawa. Aji huɗu ba su samu ba. Madam kuwa, da aka ce ana kare mutuncinta, ita aka kira ofis ta yi bayanin dalilin da ya sa ta kawo ƙarar abin da ba a gani ba. Ba ta tona kowa ba. Ƙarshen zangon karatu aka ɗauke ta aka kai wata sukul a bayan gari. Ranar da za ta tafi ta biyo ta shagona, ta riƙe hannun yarinyar ta ce, "Ki koma, kin ji? Kanki na da kyau." Yarinyar ta ce to. Ba ta koma ba.

Na gwada duk abin da na sani. Sukul ta kuɗi ta fi ƙarfinmu, ta gwamnati ta gaba kuma sai an hau mota biyu, ga ƙafa. Na ce zan riƙa zuwa ina ɗaga ta da kaina, ta ce in na yi haka ko ƙofar gida ba za ta ƙara fita ba. A hankali ta ja kujera kusa da keken ɗinkina. Ta fara da sa maɓalli, ta koma kalmasa, yau ita ke yanka. Da ƙafar dama take taka keken, kuma ta fi ni sauri. Mutane na cewa in gode Allah ta samu sana'a. Na gode masa. Amma ba abin da na so mata ke nan ba, kuma har gobe in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa.

Da sabuwar shekara ta kama, sai ga Magajiya ta shigo shago da abu a naɗe a hannu, tana haki don sauri, bakinta har kunne. Dama mun koma gaisawa, a Zango ba a iya gaba da wadda ta wanke ka.

"Ina jikata? Zo ki gani! Kin fito a kalanda!"

Ta warware. Kalandar asambili ce, mai hotunan ayyukan da suka yi: rijiyar burtsatse, sabuwar kasuwa, kwalbati. A tsakiya, mafi girma duka, ga aji huɗu na sukul ɗinmu, fenti fes, tebura reras, 'yata a gaba da hannu a sama.

"Kin gani ko?" in ji Magajiya, tana zungurina da gwiwar hannu. "Da mun bi ta taki, da wane hoto za su sa? Yanzu duk ofisoshin garin nan an rataye Zango."

Na buɗe baki. Allah ya sani abin da ya taso mini ba mai daɗi ba ne. Yarinyar ta riga ni, ta ce, "Mun gode, Kaka." Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗauki sandarta ta miƙe, ta nemo ƙusa, ta rataye kalandar a bangon da ke fuskantar keken.

Shekarar ta wuce, wasu ma sun bi bayanta, kalandar na nan, ta ƙi a cire. Guntun katakon ma na nan a ƙasan akwati, tare da rigar sukul. Wani lokaci mai kawo ɗinki takan ɗaga kai ta ce, "A'a, ba ke ce wannan ba? Kai, sukul ɗinku ta yi kyau! Aji nawa kike yanzu?"

Sai ta ce, "Huɗu," ta ci gaba da taka keke.